Aji ba littafi: a koyar da tarihi da zane ko a bari?

Ustaz na Gadarif: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman wurin iyayenmu malamai. Makarantar da nake koyarwa har yau wasu azuzuwanta mutanen da yaƙi ya koro daga Hartum da Madani da Sinja ne ke kwana a ciki. Littafin tarihi ɗaya ne a hannuna, shi ma bangonsa ya tafi. Sai na fara nuna wa yara hotuna a waya: dalar Bajrawiya, jibbar Ansar, mabiyan Mahadi, mai faci-faci, da zanen da matasa suka yi a bangon Ƙiyada, hedkwatar soja a Hartum, lokacin zaman dirshan na 2019. Yaran da ba sa buɗe baki sun fara tambaya. To wani uba ya tare ni a ƙofa ya ce in daina, hoto haram ne, kuma siyasa nake cusa wa 'ya'yansu. In ci gaba ko in tsaya?

Baba na Mai Wurno: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin kowa ya ba ka fatawa, tuna Janairun 2021. Sabon littafin tarihi na aji shida ya fito, a babin farfaɗowar Turai suka sa zanen Michelangelo na halittar Annabi Adamu, wanda ke rufin wani ɗakin ibada a Vatican. Limamai suka hau mumbari, gari ya ɗauka. Firaministan lokacin, Hamdok, ya dakatar da sabuwar manhajar, Dakta Umar al-Ƙarrai da ke shugabantar cibiyar manhaja ya ajiye aiki. Shafi ɗaya ya tafi da littafi sukutum, malamai suka rasa wanne za su koyar, tsoho ko sabo. Ni na yi aikin duba makarantu tun zamanin Numeiri. Uban nan da ya tare ka ba jahili ba ne, abin da ya gani yake tsoro. Kada ka raina shi.

Malamin Halwa: Allah ya saka wa Baba. Sai dai a raba zance biyu. Zanen da aka sa a wancan littafi ya suranta Ubangiji a kamannin dattijo mai gemu. Wannan ba musulmin da zai yarda a ajiye shi gaban yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, kuma waɗanda suka saka shi sun san ƙasar da suke ciki. Amma a ce duk zane haram ne, wannan ba maganar ilimi ba ce. A Bukhari da Muslim, mai zane ya zo wa Ibnu Abbas yana kukan sana'arsa, ya ce masa in ba makawa ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Dala ba ta da rai, jibba ba ta da rai, ƙubbar Mahadi ba ta da rai. Inda malamai suka yi saɓani shi ne surar mutum da dabba. Ni ina ɓangaren masu tsanantawa a kan fuska, ban ɓoye ba.

Ɗan Fanni: Allah gafarta Malam, ai a makarantarku aka haifi zanen ƙasar nan. Ibrahim al-Salahi, wanda Tate Modern ta Landan ta yi wa baje koli na musamman a 2013, ɗan malamin Alƙur'ani ne a Umdurman. Daga allo ya taso, daga sharafar da ake yi wa ɗalibi in ya kai wani mataki, abin da mu muke kira zayyana. Da ya dawo daga karatu a Ingila ya ga mutanen gida ba su damu da irin zanen Turawa da ya koyo ba, sai ya koma wa harafin Larabci da adon allo.

Kuma shi kansa darasi ne. A 1975 bayan yunƙurin juyin mulki, Numeiri ya jefa shi kurkukun Kobar wata shida ba shari'a, alhali babban jami'i ne a ma'aikatar al'adu. An hana su takarda da alƙalami. Sai ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana yana zane a kai, in mai gadi ya taho ya binne a yashi. Ustaz, da labarin mutum ɗaya za ka koya wa yara mulkin Mayu na Numeiri gaba ɗaya. A Kobar ɗin nan aka rataye Mahmud Muhammad Taha ranar 18 ga Janairun 1985, kuma can aka kai Bashir a Afrilun 2019. Gida ɗaya, gwamnati nawa.

Abu Musa: Ku dai kuna magana kamar zane da waƙa mala'iku ne. Mu da muka yi sakandare a shekarun 1990, kayan makarantarmu yadin soja ne mai dabbare-dabbare. Da safe a jera mu ana rera waƙoƙin Difa' Sha'abi, dakarun sa-kai na gwamnati. Da dare talabijin ta nuno samari suna tafiya yaƙin Kudu da kiɗa mai sa tsikar jiki ta tashi, a ba da labarin ƙamshin miski daga gawa. Wannan ba fasaha ba ce? Fasaha ce, ta ƙwararru ma. Da ita aka koya mana tarihi, kuma abokaina sun tafi ba su dawo ba, sannan a 2011 Kudu ta ɓalle. Mai mulki ya fi ku sanin amfanin hoto. Ku ba yaro shekara da sunan wuri da sunan sarki, ya girma ya yi tunaninsa.

Ɗan Fanni: Yaya Abu Musa, wa ya zaɓi shekarar da sunan sarkin da za a ba shi?

Abu Musa: Ko wa ya zaɓa, 1898 dai 1898 ce. Ba ta sa yaro kuka, ba ta sa shi ɗaukar bindiga.

Maman Hiba (Kasala): Tun da Abu Musa ya kawo 1898, bari in faɗi yadda nake koyar da ita, don ina ganin ni da shi ba mu yi nisa ba. Shekara ashirin da wani abu ina koyar da 'yan mata tarihi.

Nakan nuna musu ɗaya daga zanukan da Turawa suka yi na yaƙin Karari. Yawancinsu abu ɗaya suke nunawa: mahayan Ingila na runduna ta 21 sun afka cikin mutanen Usman Digna a kwarin Abu Sunt, takobi da mashi, doki na tsalle, gaba da gaba. Sai in ce su faɗa mini abin da suka gani. Su ce yaƙin jarumai, kowa da ƙarfinsa. Sai in rubuta a allo: ranar 2 ga Satumba 1898, Ansar da aka kashe sun kai 10,000 ko fiye, ɓangaren Kitchener ba su kai 50 ba. In yi shiru. Ba a daɗewa wata za ta ɗaga hannu ta ce, Ustaza, in takobi da takobi ne, yaya aka yi haka? Daga nan darasi ya fara. Bindigar Maxim da igwa da jiragen ruwan yaƙi a kan Nilu su suka yi aikin tun mutane ba su iso kusa ba. Harin dawakin nan ɗan gefe ne a yaƙin, har ma kuskure ne na kwamandansu, amma shi aka zana, don shi ne za a iya ratayewa a falo a Landan ba tare da kunya ba. Churchill yana cikin mahayan, wannan ma ya ƙara masa suna.

To ka gani, da na ba su lamba kaɗai, su haddace su zuba a jarrabawa su manta. Da na ba su zanen kaɗai, na taya Turawa ƙarya. Sai da na haɗa su biyu suka yi karo. Ni ba na nuna hoto a matsayin gaskiya. Shaida ne aka kawo gaban alƙali, a tambaye shi: wa ya zana ka, wa ya biya, a ina aka rataye ka, wa aka bari a waje. Yarinyar da ta saba yi wa zanen Bature waɗannan tambayoyi, gobe za ta yi wa bidiyon da ake turo mata a WhatsApp. Kuma wallahi a yaƙin nan da muke ciki ba abin da ta fi buƙata kamar wannan.

Baba na Mai Wurno: Madalla da 'yata. Da ina bakin aiki da na rubuta miki takardar yabo.

Abu Musa: Na ji, Ustaza. Amma ke kin zaɓi ƙaryar Bature, wadda ba mai kama ki a kanta. Gwada da hoton wanda ke riƙe da garinku yau mu gani.

Maman Hiba (Kasala): Ba zan gwada ba, ina da 'ya'ya. Shi ya sa nake zuwa nesa. Akwai hoton Stalin yana tafiya bakin wata mashigar ruwa a Mosko, a gefensa Yezhov shugaban 'yan sandan ciki. Bayan an kashe Yezhov a 1940 aka sake fito da hoton, ruwa ne kawai a inda mutumin yake tsaye. Nakan ajiye biyun kusa da juna in ce su nemo bambanci. Ban taɓa ambaton kowa na nan ba. Su da kansu suke kallon juna suna murmushi.

Ɗan Fanni: Mu ma ai an yi mana namu a gabanmu. Ni ina cikin waɗanda suka riƙe buroshi a Ƙiyada daga 6 ga Afrilu. Bango bayan bango, fuskokin waɗanda aka kashe tun Disamba, kandakoki, wato mata masu zanga-zanga da aka yi wa laƙabi da sarauniyoyin Kush, da farin tobe, tsohuwar tutar 'yancin kai mai shuɗi da rawaya da kore. Yaran da ba su taɓa jin sunan Amanirenas ba, wadda ta yaƙi Rumawa kafin haihuwar Annabi Isa, a bangon nan suka fara tambayar wace ce kandaka. Ranar 3 ga Yuni, 29 ga Ramadan, aka watsa zaman da harsashi. Bayan haka aka bi bangon da fenti. Mai hankali ya tambayi kansa: mutumin da ke da motocin yaƙi, me ya tsorata shi a jikin bango har ya sayi fenti?

Malamin Halwa: Ɗana, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma fuskokin nan su ne damuwata. Mutanen Annabi Nuhu da surar salihan bayinsu suka fara, don tunawa kawai. Rubuta sunan mamaci da ranar da aka kashe shi da kyakkyawan rubutu, ya isa shaida.

Ɗan Fanni: Malam, uwar da aka zana mata ɗanta a bangon gidanta ba bauta masa take yi ba. So take maƙwabta su kasa cewa ba a yi ba.

Malamin Halwa: Ita ba ta yi. Jikokinta fa? Mu bar shi nan, ba za mu daidaita ba.

Baba na Mai Wurno: Ku saurara, duk kuna ta zancen tarihin da ke cikin littafi, ko na gwamnati ko na masu adawa da ita. Namu fa? Na duba littattafan makaranta tun na mulkin Abbud har na Inƙaz, wato mulkin Bashir, ban ga shafin da ya faɗi yadda garin da nake zaune ya kafu ba. A Yulin 1903 Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, da tsofaffi da mata da goyo, har suka sauka bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Kafin su ma alhazai na bin wannan hanya a ƙasa, wasu su yi shekaru suna noma a hanya kafin su ga Sawakin. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, hannun kakanninmu na cikin waɗanda suka tsinci audugar. Ina aka rubuta wannan wa yaro?

Ni ban koye shi a aji ba. A bakin kakata na ji, cikin waƙa, tana kaɗi da mazari. Ba ta san shekara ko ɗaya ba, amma ta san sunayen zangon da aka yada da inda ƙishirwa ta kashe mutane. Wannan kuwa tsohuwar hanya ce a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙa ta koyar da mata, ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka da baitoci a ka. Ba wanda ya ce mata haram. Kuma waƙa ba ta da bangon da za a shafe da fenti. Ustaz, ka tura yaran nan wurin tsofaffin da ke kwance a azuzuwan makarantarku. Kowace tsohuwa a can littafi ce, kuma ba za su daɗe ba.

Ɗan Damazin: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a yi hattara. Mu da muka ga rikicin ƙabilanci na Yulin 2022 a nan mun san abin da zancen asali ke jawowa. Da ma abin da ake jifanmu da shi ke nan, wai baƙi ne mu. Yanzu malami ya tsaya a aji mai Hausa da Funj da Barta da Larabawa ya ce kakanninmu daga Sakkwato suka zo, gobe yaro ya maimaita a kasuwa. Wa zai kare shi?

Baba na Mai Wurno: Ɗana, na san zafin da kake magana da shi. To amma ɓoyewar da muka yi shekara ɗari ta hana a faɗa mana? Wanda ya san kakansa ya sauka nan tun kafin a haifi ƙasar da ake kira Jamhuriyar Sudan a 1956 ya fi ƙarfin tsayawa. Kuma ba mu kaɗai muka zo daga wani wuri ba. A bar kowane yaro ya kawo waƙar kakarsa, ɗan Funj ya kawo ta sarautar Sinnar, ɗan Halfa ya kawo ta garinsu da ruwan madatsar Aswan ya cinye a 1964. In kowa ya kawo, ba wanda za a nuna da yatsa.

Ɗan Damazin: A Gadarif wataƙila. A nan ban shirya ba tukuna.

Gwaggo ta Jidda: Sannunku 'ya'yana, ina karantawa tun ɗazu. Ni ba malama ba ce, tela ce. 'Yata ce ta nuna mini aikin matan Chile lokacin Pinochet, wanda ya ƙwace mulki a 1973. Mazajensu da 'ya'yansu aka kwashe ba labari. Sai suka riƙa taruwa a coci suna ɗinka ƙyallaye a kan buhu: ga unguwa, ga motar soja a ƙofar gida, ga kujerar da ba kowa a kai. Wasu da yankin rigar wanda ya ɓata suke ɗinkawa. Da farko hukuma ta ɗauka aikin mata ne na neman kuɗin cefane, har kayan suka fita ƙasashen waje. Na ce a raina, mu da muke ɗinkin hula da adon zanen gado, me ya hana? Kuma Malam, su ma 'yan mutanen da suke ɗinkawa ƙanana ne kamar 'yar tsana.

Malamin Halwa: Hajiya, 'yar tsana kam Nana A'isha ta yi wasa da ita a gidan Annabi. Ban da ta cewa.

Abu Musa: Tun da an zo kan ajiya, ina gidan tarihi na ƙasa? An buɗe shi a 1971, 'yan Da'am, wato dakarun RSF, suka shiga a 2023, da soja suka dawo Hartum a Maris 2025 aka tarar an kwashe, har da zinaren sarakunan Kush. Gidan Halifa a Umdurman ma bai tsira ba. Zanukan cocin Faras da 'yan Poland suka ciro daga bango a farkon shekarun 1960 kafin ruwa ya rufe wurin, raba su aka yi tsakanin Hartum da Warso. Na Warso suna nan lafiya cikin sanyi. Na daɗe ina zagin Turawa kan kayanmu da ke hannunsu, yau bakina ya yi nauyi.

Maman Hiba (Kasala): Kada ya yi nauyi. Na Faras da yarjejeniya aka raba, daban yake da tutocin Ansar da aka kwasa daga kan gawa a Karari. Kuma waɗanda suka saci na Hartum, a kasuwar wa za su sayar? Ba a Gadarif ba dai.

Ustaz na Gadarif: Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Ga abin da na tsayar. Zan je gidan uban nan da kaina, in nuna masa abin da ke wayar ɗaya bayan ɗaya, in karanta masa maganar Malam ta Ibnu Abbas. Karari zan yi yadda Ustaza ta ce. Tsofaffi kuma zan fara da su ranar Asabar in sha Allah. Bangon Ƙiyada zan ajiye shi tukuna, don a ajin akwai 'ya'yan soja, akwai kuma wanda yayansa ya rasu a wurin.

Saura abu ɗaya da ban faɗa ba tun farko. In na ba su takarda na ce su zana gidan kakanninsu ko dala, rabinsu mota mai bindiga a baya suke zanawa, da jirgi marar matuƙi, da mutum kwance. Wata yarinya gadar Hantub ta Madani take zanawa kullum, da mutane a kai. In karɓa in yi shiru, ko in tambaye ta?

Ɗan Fanni: Karɓi, ka rubuta kwanan wata da garin da ta fito a baya, ka adana. A sansanin Terezin lokacin Hitler wata malama, Friedl Dicker-Brandeis, ta koya wa yara zane, kafin a tafi da ita Auschwitz a 1944 ta ɓoye zanukansu fiye da 4,000 a akwati biyu. Yawancin yaran ba su rayu ba, takardun suna Prag har yau.

Maman Hiba (Kasala): Ka adana, amma kada ka rubuta sunanta, kuma kada ka ɗora a Facebook komai kyansa. Kada ka tambaye ta a gaban aji. Zauna kusa da ita ka ce ta ba ka labarin zanen in tana so, in ta yi shiru ka ƙyale ta. Sannan ka nemi uwarta ko wadda ke riƙe da ita, don wataƙila a gida ba su san tana zana gadar ba.

Ɗan Damazin: Kuma kada ka bi da su ta shingen bincike a cikin jaka. Mai duba kaya ba zai tsaya tambayar wa ya zana motar ba.

Gwaggo ta Jidda: Ustaz, akwai mai zuwa Bur Sudan ta jirgin ruwa ƙarshen wata. Zan ba shi fensir mai launi da zare da allura. Turo mini adadin yaran ta akwatin sirri, ka faɗa mini 'yan mata nawa ne a ciki.